Hurumin Teku a Ƙasashen Tsibirai: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan duk shekara sai an ji wata ƙasar tsibiri ta sanar da cewa ta keɓe wani makeken yanki na tekunta ta hana kamun kifi a ciki. A tarukan duniya a yi mata tafi, jaridu su buga taswira. Abin da ba a cika bibiya ba shi ne yadda wurin yake bayan shekara biyar ko goma: ko kifin ya dawo, ko masuntan wurin na samun abin kaiwa bakin salati, ko akwai ma jirgi ɗaya da ke sintiri. A kan wannan tambayoyin da ke ƙasa suka fi tsayawa.

Mene ne hurumin teku?

Yanki ne na teku, wani lokaci haɗe da gaɓarsa da ƙananan tsibiran da ke cikinsa, wanda hukuma ko jama'ar wuri suka shata wa iyaka suka sa masa doka, don halittun da ke ciki su samu sararin girma da hayayyafa. Dokar ba iri ɗaya ba ce. Akwai inda aka hana ɗaukar komai, ko da ɗan kifi ɗaya ne. Akwai inda aka bar masu kwale-kwale da ƙugiya su ci gaba da su, aka kori manyan jirage masu jan taru a ƙasan ruwa. Akwai kuma inda haƙar mai da ma'adinai kaɗai aka hana, kamun kifi na nan yadda yake. Saboda haka duk wanda ya ji an ce an kare wani yanki, ya kamata ya fara tambaya: daga me aka kare shi?

Me ya sa maganar ta fi ƙarfi a tsibirai?

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon albarkatun ruwan da ke gabanta har tsawon mil 200 na teku, kimanin kilomita 370. Ɗan tsibiri guda a tsakiyar teku kan jawo wa ƙasarsa da'irar ruwa mai faɗin gaske. Seshels, a Tekun Indiya, tsibirai 115 ne da tudunsu duka bai kai murabba'in kilomita 500 ba, amma ruwanta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3, ya fi faɗin Jamhuriyar Nijar. Kiribati a Tekun Fasifik tana da sama da miliyan 3. Ƙananan gwamnatoci ne ke riƙe da manyan yankunan teku.

Sannan nisan tsibiri da sauran duniya kan sa a samu halittun da babu su a ko'ina. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado akwai ƙadangaren da ke nutso cikin teku yana cin gansakuka, can kaɗai ake samunsa. A Hawai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in kifayen bakin gaɓa na can ne kaɗai. Irin wannan idan ya ƙare a wurinsa, ya ƙare a duniya.

Kuma mutanen tsibiri ba su da wurin gudu. Kifi shi ne namansu, shi ne kasuwarsu, kyawun ruwan kuma shi ke kawo masu yawon buɗe ido.

Murjani dutse ne ko abu mai rai?

Duka biyun. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zama a tare dubbai, kowace tana gina wa kanta gida na farin dutse, sabbi suna ginawa a kan na waɗanda suka mutu, har a samu tudu a ƙarƙashin ruwa mai koguna da lunguna. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke haɗa musu abinci da hasken rana, ita ce kuma ke ba su launi.

Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta kusan kashi 25 cikin ɗari na nau'o'in halittun teku suna rayuwa a jikinsu a wani mataki na rayuwarsu. A Raja Ampat ta Indunusiya kaɗai an ƙirga nau'in murjani sama da 500. Ban da haka, tudun murjani mai lafiya kan karya mafi yawan ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. A ƙasa irin Maldibs, wadda yawancin tudunta bai wuce mita ɗaya da wani abu a saman ruwa ba, wannan katanga ce tsakanin gidaje da teku.

Murjani ba ya rayuwa shi kaɗai. 'Ya'yan kifi da yawa a cikin saiwoyin itatuwan mangurob na bakin gaɓa da filayen ciyawar teku suke tashi, sai sun yi ƙwari su koma murjani. Kifayen da ke kiwon gansakuka kuwa su ke share jikinsa. Idan aka kame su, gansakukar ta rufe shi ya shaƙe. Hurumin da ya kare ɗaya ya bar sauran, aikinsa rabi ne.

In an hana su a wani yanki, masunta su ci me?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma duk shirin da bai amsa ta ba tun farko ba ya daɗewa.

Dabarar ita ce, kifin da aka bari ya tsufa ya yi girma yakan zuba ƙwai da yawa fiye da ƙananan da nauyinsu ya kai nasa in an haɗa su. Ƙwan da 'ya'yan kifin ruwa ke kwashe su ya fitar da su waje, manyan ma idan wuri ya cika sukan tsallaka iyaka su faɗa komar masunta. Mutanen Kabi sun san wannan: yankin Matan Fada a Argungu a rufe yake ga masunta tsawon shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, shi ya sa ranar da aka buɗe ake fito da manyan giwan ruwa.

Shaidar da aka fi daɗewa ana bibiya ta fito ne daga tsibirai biyu ƙanana a Filifin. Masanin halittun teku Angel Alcala na Jami'ar Silliman ya taimaka aka rufe wani ɓangare na murjanin Sumilon a 1974, aka yi irin haka a Apo a 1982. A Apo mutanen ƙauyen ne suka yarda da rufewar, su ne kuma masu gadi; abin da suka rufe kusan kashi ɗaya ne cikin goma na murjanin da ke kewaye da su. Da shekaru suka tafi, manyan kifaye suka ninka a ciki, abin da masunci ke samu a awa ɗaya na aiki a gefen hurumin ya ƙaru. A Sumilon kuwa ikon na hannun hukumar gari da jami'a ne, sai siyasa ta shiga, aka buɗe wurin a 1984. Cikin ɗan lokaci aka kwashe abin da shekara goma ta tara, kuma kamun da ake samu a kewayen tsibirin ya ragu maimakon ya ƙaru. Ruwa ɗaya, kifi iri ɗaya, masani ɗaya. Bambancin shi ne wa ke ganin wurin nasa ne.

Sai dai a faɗi gaskiya, akwai shekarun farko na jira, kuma mai iyali ba zai ciyar da 'ya'yansa da alkawari ba. Inda abin ya yi nasara, ko dai yankin da aka rufe ƙarami ne da ba zai karya kowa ba, ko an samar wa mutane wani abin yi a tsakani.

Dole ne rufewar ta zama ta dindindin?

A'a. A kudu maso yammacin Madagaska, masuntan ƙabilar Vezo sun dogara ne da oktofas, halittar nan mai hannu takwas, wadda yawanci mata ke farauta da mashi a kan murjani idan ruwa ya janye. Da 'yan kasuwa masu kai shi waje suka yawaita, sai ya fara ƙaranci yana kuma ƙanƙancewa. A ƙarshen 2004 mutanen ƙauyen Andavadoaka, tare da ƙungiyar Blue Ventures, suka rufe wani fili na 'yan watanni. Oktofas dabba ce mai saurin girma, don haka ranar buɗewa kowa ya ga bambanci da idonsa. Ƙauyukan maƙwabta suka ce su ma suna so, kuma a 2006 suka haɗu suka kafa yankin Velondriake, wanda suke gudanarwa da dokar gargajiya da suke kira dina. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan irin wannan rufewa guda 36 ya nuna cewa a watan da ke bin buɗewa abin da ake kamawa a wurin ya ninka sau bakwai ko fiye, kuɗin da ƙauye ke samu daga oktofas kuma ya ninka biyu. Daga baya tsibirin Rodrigues na Morishus da Pemba ta Tanzaniya suka ɗauki dabarar.

Rufewar wata biyu ko uku ba za ta ceci kifin shak ko kififiyar teku ba, waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su fara haihuwa. Amfaninta na daban ne: mutanen da suka ga riba da hannunsu su ne daga baya suka yarda, da kansu, a rufe wasu wurare gaba ɗaya kuma a daina su da guba.

Nawa ne aka kare daga cikin tekun duniya?

A 2024 kimanin kashi 8 cikin ɗari ne ke ɗauke da sunan kariya, amma wanda aka hana kamun kifi a cikinsa da gaske, ko aka taƙaita shi sosai, bai wuce kusan kashi 3 ba. A Disamban 2022, a taron Montreal, ƙasashe kusan 190 sun amince su kare kashi 30 na tudu da teku kafin 2030. Tazarar na da yawa, kuma a nan ne haɗarin yake: gwamnatin da ke neman cika lissafi za ta fi son shata wuri mai nisa da ba mai zuwa, ta bar bakin gaɓar da ake ɓarna a kai.

Ashe ba wanda ya fi girma ne ya fi amfani ba?

Girma yana da amfani ga kifayen da ke tafiya mai nisa, amma shi kaɗai ba ya isa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya duba hurumai 87 a faɗin duniya, ya gano abubuwa biyar da ke rarrabe mai aiki da marar aiki: an hana kamu gaba ɗaya, ana tilasta dokar, ya haura shekara goma, ya fi murabba'in kilomita 100, kuma ruwa mai zurfi ko rairayi ya raba shi da wuraren su. Waɗanda ke da ɗaya ko biyu kawai daga ciki, da ƙyar ake bambanta su da inda ba a kare ba.

Manyan kuma suna da nasu ciwon. Kiribati ta kafa hurumin tsibiran Phoenix a 2008, murabba'in kilomita sama da 400,000, ta rufe shi ga jiragen kasuwanci a 2015. Amma fiye da rabin kuɗin shigar gwamnatin ƙasar daga lasisin kamun kifin tuna yake fitowa, kuma diyyar da aka sa rai za ta zo daga waje ba ta cike giɓin ba. A 2021 gwamnati ta sanar da cewa za ta sake buɗe shi. Mutane da yawa a ƙasashen waje sun yi tir, amma ni ban ga yadda za a ɗora wa ƙasar da ke fama da biyan malamai da ma'aikatan asibiti nauyin ajiye wa duniya kifi kyauta ba.

Palau, ƙasar tsibirai a Tekun Fasifik mai mutane kimanin 18,000, ta yi doka a 2015 zamanin Shugaba Tommy Remengesau, ta rufe kashi 80 na ruwanta daga farkon 2020. Ta jingina dokar da al'adarta ta bul, inda sarakuna ke hana su a wani wuri har kifi ya farfaɗo. Sai ga matsalar da ba a zata ba: da jiragen waje suka tafi, tuna ya yi wuya a kasuwar cikin gida, gidajen abinci suka koma kan kifin murjani, wanda shi ne ya fi buƙatar hutu. Tun daga nan ake muhawarar sake zana iyakar.

Wa ke gadin ruwa mai faɗi haka?

A da, kusan babu kowa. Yanzu manyan jirage suna ɗauke da na'urar da ke sanar da inda suke, tauraron ɗan'adam yana karɓa, kuma daga yadda jirgi ke tafiya ana iya gane ko wucewa yake ko taru ya zuba. Da irin wannan shaidar Kiribati ta kama jirgin Marshalls 203 a hurumin Phoenix a 2015, masu shi suka biya dala miliyan 2. A 2017 hukumomin Ikwado sun tare wani jirgin ƙasar Sin, Fu Yuan Yu Leng 999, a cikin hurumin Galapagos, ɗauke da tan 300 na kifi, ciki har da shak sama da 6,000. Kotu ta ɗaure ma'aikatansa aka kuma ƙwace jirgin.

Amma ɓarawo kan kashe na'urarsa, kuma ganin jirgi a allon kwamfuta daban, isa wurinsa daban. Ana buƙatar jirgin sintiri, mai, albashi, da alƙalin da zai yanke hukunci. A bakin gaɓa kuwa babu tauraron da ya kai idon masuncin da ya san kowane kwale-kwale da mai shi.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Wasu daga baƙi. Palau na karɓar dala 100 daga kowane mai ziyara, Galapagos ta ɗaga kuɗin shigar baƙon waje zuwa dala 200 a 2024. Annobar korona ta nuna raunin wannan hanya, domin da jiragen sama suka tsaya, kuɗin gadi ma ya tsaya.

Hanyar da ta fi jan hankali ita ce ta Seshels. Ƙasar ta shiga matsin bashi har ta kasa biya a 2008. A 2016 aka kammala wata yarjejeniya inda ƙungiyar The Nature Conservancy ta haɗa rance da kyauta aka sayi dala miliyan 21.6 na bashin da ƙasashen Turai ke bin ta. Maimakon ta riƙa biyan su, sai ta riƙa biyan wani asusu na cikin gida mai suna SeyCCAT bisa sharuɗɗa masu sauƙi, asusun kuma yana raba wani kaso ga ayyukan teku yana ajiye wani don gaba. Ita kuma ta yi alkawarin kare kashi 30 na ruwanta, daga abin da bai kai kashi ɗaya ba. An shafe shekaru ana zama da masunta, kamfanonin tuna, masu otal da masu neman mai, ana jayayya kan kowane layi. A Maris 2020 Shugaba Danny Faure ya sanar da cika alkawarin: murabba'in kilomita 410,000, rabi da kariya mai tsauri, rabi da izinin wasu sana'o'i bisa ƙa'ida.

Wasu sun bi sahu: Barbados a 2022, Ikwado a 2023 da bashin kusan dala biliyan 1.6 saboda Galapagos, Bahamas a 2024. Ina ganin dabarar tana da amfani, domin tana samar da kuɗin da ke zuwa duk shekara, wanda shi ne abin da gadi ke buƙata. Amma masu suka suna da hujja. Abin da ake ragewa daga bashin ƙasa sau da yawa kaɗan ne, bankuna da dillalai na cin kasonsu, kuma ya kamata 'yan ƙasa su san wa ke zaune a hukumar asusun da ke yanke hukunci kan tekunsu.

An taɓa fakewa da kare teku aka zalunci mutane?

An taɓa, kuma misalin da ya fi muni shi ne na tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya. Tsakanin 1968 da 1973 Birtaniya ta kwashe dukkan mazauna waɗannan tsibirai, mutum 1,500 zuwa 2,000, ta zube su a Morishus da Seshels, don Amurka ta gina sansanin soja a ɗaya daga cikinsu, Diego Garcia. Suna cikin shari'ar neman komawa gida, sai a Afrilun 2010 Birtaniya ta ayyana ruwan Chagos, murabba'in kilomita 640,000, a matsayin hurumin da ba a kamun kifi. Wata wasiƙar diflomasiyyar Amurka da ta fallasa a ƙarshen wannan shekarar ta nuna wani jami'in Birtaniya yana cewa hurumin zai toshe wa mutanen hanyar dawowa. A 2015 kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa ta ce an kafa shi ba tare da mutunta haƙƙin Morishus ba, a 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa Birtaniya ta janye daga tsibiran, a Mayun 2025 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa mulkinsu.

Murjanin Chagos na daga cikin mafi lafiya a Tekun Indiya, babu mai musu. Amma duk lokacin da aka yi amfani da kifi aka danne haƙƙin ɗan'adam, masuncin wata ƙasa da ya ji labari zai ƙara ƙin yarda da duk mai zuwa masa da taswira.

Akwai irin wannan a Afirka ta Yamma?

Akwai, kuma abin alfahari ne. Tsibiran Bijagos na Gini Bisau guda 88 ne, kusan 20 kawai ake zama a cikinsu dindindin. Da yawa daga sauran al'adar mutanen wurin ta mayar da su wurare masu alfarma: ba a gina gida, ba a zubar da jini, wasu ma ba mai taka su sai lokacin bukukuwan shigar matasa sahun manya. Ɗaya daga cikinsu, ɗan tsibirin Poilao, yana daga cikin wuraren da koriyar kififiyar teku ta fi yin ƙwai a duk Afirka, a wasu shekarun ana ƙirga ramukan ƙwai dubun-dubata. A Orango akwai dorinar da ke shiga ruwan gishiri. Tsuntsaye dubban ɗaruruwa kuma kan taso daga arewacin Turai da Saberiya su yi hunturu a laka da fadamun wurin.

Hukuma daga baya ta zo. Hukumar UNESCO ta amince da yankin a matsayin wurin kare halittu a 1996, aka kafa gandun Orango da na Joao Vieira da Poilao a 2000, sai na Urok a 2005, wanda mutanen tsibirai uku ke gudanarwa da kansu: bakin gaɓa na mata masu tsintar dodon koɗi da masu neman na miya, gaba kaɗan na masuntan wurin, can waje kuma baƙi bisa sharaɗi. A Yulin 2025 aka sa yankin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Barazanarsa ita ce masu farautar shak saboda fiffikensa, manyan jiragen waje, masu son gina otal a tsibirai masu alfarma, da matasan da ke barin gida tare da ilimin da ya tsare wurin.

Addini yana da abin cewa a nan?

A tsibirin Misali da ke gefen Pemba, inda masunta Musulmi ne, an daɗe ana fama da masu jefa nakiya a ruwa, wadda ke kashe kifi babba da ƙarami ta kuma rusa murjanin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana ginuwa. Dokar gwamnati ba ta hana ba. Wajen shekarar 2000 ƙungiyar CARE da wata cibiyar Musulunci mai kula da muhalli suka zauna da limamai, malaman makarantun allo da shugabannin masunta, ana bitar ayoyin da ke magana kan halifancin ɗan'adam a bayan ƙasa, da ma'aunin da Allah ya sa a halitta, da aya ta 41 a Suratur Rum mai cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Maganar ta shiga huɗuba da karatu, kuma jefa nakiya ya ja baya sosai a wurin. Mutumin da zai iya kauce wa idon jami'i ya san akwai Wanda ba ya kauce wa.

Me ya haɗa ɓeraye da kifin teku?

Ɓerayen da suka sauka daga jiragen ruwa shekaru aru-aru da suka wuce suna cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen teku. Tsuntsayen nan a can cikin teku suke kiwo, su dawo tsibiri su yi kashi, ruwan sama ya wanke kashin zuwa gaɓa ya zama taki ga murjani. A Chagos an kwatanta tsibirai masu ɓera da marasa shi a wani bincike na 2018: tsuntsaye sun fi yawa sau ɗaruruwa a marasa ɓera, nauyin kifin da ke kewaye da su kuma ya fi da kusan rabi. Shi ya sa kashe ɓeraye a tsibiri ya zama aikin kare teku. Haka zaizayar ƙasa daga gonaki, ƙazantar otal-otal da takin zamani: duk abin da aka yi a tudun tsibiri, a ruwa yake ƙarewa.

Hurumi zai iya kare murjani daga zafin teku?

Ba zai iya ba, kuma bai kamata a yaudari kowa ba. Idan zafin ruwa ya haura yadda aka saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, murjani kan fitar da gansakukar jikinsa ya koɗe ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu da yunwa. A 1998 tsibiran tsakiyar Seshels sun rasa kusan kashi 90 na murjaninsu mai rai, na cikin hurumi da na waje. An sake yin haka a 2016, sannan a 2024 aka sanar da koɗewa ta huɗu da ta game duniya.

Abin da hurumi ke iya yi shi ne taimakon farfaɗowa. Daga tuddan murjani 21 da aka bibiya a Seshels bayan 1998, 12 sun dawo, 9 gansakuka ta mamaye su. Waɗanda suka dawo sun fi zurfi, sun fi lunguna, suna da kifaye masu kiwo da ruwa mai tsabta. Amma farfaɗowa na son shekara goma ko fiye, zafin kuwa yanzu yana dawowa kafin nan. Maganin wannan yana hannun ƙasashe masu fitar da hayaƙi, ba hannun masuncin Seshels ba.

Iyaka a kan taswira ba ta tare mai ko roba ma. A Yulin 2020 jirgin Wakashio ya hau murjani a Morishus, a Agusta ya zubar da kimanin tan 1,000 na mai kusa da hurumin Blue Bay, jama'a suka fito suna ɗinka shinge da ganyen rake da gashin kai. A tsibirin Aldabra na Seshels, inda ba kowa sai ma'aikatan bincike, masu aikin sa-kai sun kwashe tan 25 na shara a 2019, aka ƙiyasta sama da tan 500 na nan.

Mu da muke nesa da teku, ina ruwanmu?

Kifin ƙanƙara da ake soyawa a Kano, Zariya ko Maraɗi daga teku yake zuwa, kuma farashinsa na bin abin da ya rage a can. Ƙananan kifayen gaɓar Muritaniya, Senegal da Gambiya, waɗanda talakan Afirka ta Yamma ke ci, yanzu masana'antu na niƙa su su zama abincin kifin kiwo da dabbobi a wasu nahiyoyi. Ledar da aka jefa a kwata a garuruwan bakin Kwara da Binuwai kuwa tana iya ƙarewa a Mashigin Gini, inda tsibiran Sao Tome da Principe da Bioko suke, da rairayin da kififiya ke ƙwai a kai. 'Yan'uwa da ke Sudan ma suna da nasu a kusa: Sanganeb da Dungonab da tsibirin Mukkawar a Bahar Maliya sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2016.

Ruwan da ba na kowace ƙasa ba fa?

Kusan kashi biyu cikin uku na teku yana wajen iyakar kowa, kuma tuna, shak da kififiya ba su san mil 200 ba. Jiragen waje kan yi layi daidai bakin iyakar Galapagos suna jiran abin da zai fito. A 2020 an ƙirga sama da 200 a lokaci guda. Ikwado ta ƙara hurumin Hermandad a 2022, murabba'in kilomita 60,000, don kare hanyar da halittun ke bi zuwa tsibirin Cocos na Kosta Rika, amma ikonta a nan ya tsaya.

A Yunin 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta ba da damar kafa hurumi a wannan ruwa na kowa. Palau ce ƙasa ta farko da ta tabbatar da ita, Seshels kuma ta farko a Afirka. A Satumban 2025 aka cika ƙasashe 60 da ake buƙata, ta fara aiki a Janairun 2026. Ƙasashe marasa gaɓa irin su Nijar da Chadi suna da damar shiga kamar kowa. Aikin da ke gaban ƙasashen yanzu shi ne zaɓen wuraren farko, daidaitawa da hukumomin da ke raba kason tuna, da samo wanda zai biya kuɗin sintiri a ruwan da ke da tafiyar kwanaki daga tashar jirgi mafi kusa.